Bugu na Biyu

A shekara ta biyu bayan an yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, akwai wani bakanike a Kalgo mai suna Albarka. Mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista, tsohon soja. Ya yi yaƙin basasa tun daga farko har ƙarshe, ya dawo da yatsu tara. Da injin niƙa ya fara. Da ƙananan injunan ban-ruwa suka shigo fadama, sai ya koma kansu. Rumfarsa tana bakin kasuwa, kusa da inda motoci ke lodi.

Kiristocin garin ba su da yawa, malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da iyalansu. Albarka ne dattijon ikilisiya. In ya tashi magana ranar Lahadi, abu ɗaya yake yawan faɗa: mugunta daga waje take shiga mutum. Yaƙi ke kawo ta, ko yunwa, ko burkutu, ko rashin sani. Ya ce shi ya tuɓe tasa tare da kakin soja, ranar da aka yi masa baftisma. Kuma ba ƙarya yake ba. Shekara ashirin bai ɗaga wa kowa hannu ba, ko 'ya'yan cikinsa.

Akwai wani Barau, mutumin Gwandu, Musulmi, wanda ya koyi aiki a rumfar Albarka shekara bakwai. Yanzu ya zama magidanci mai 'ya'ya uku, ya buɗe rumfarsa a Gwandu. Hannunsa ya fi na maigidansa, kowa ya sani. Har manoman Dangoma, waɗanda Albarka ya daɗe yana yi wa aiki, sun fara aika wa Barau. Shi kuwa bai taɓa shigowa Kalgo ya wuce rumfar ba. Sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Maigida, mun same ku lafiya?" Albarka yakan dafa kansa ya ce wa mutane, "Ɗana ne wannan."

Ran wata kasuwa da hantsi, Barau ya zo ya gaisa kamar kullum. Wani manomi, Abubakar na Dangoma, yana zaune a bencin rumfar yana cin gyaɗa.

"Baba Albarka," in ji Abubakar, "injin nan nawa da ya kwana huɗu a wurinka yana tari kamar tsoho, ka san Barau kunne kawai ya kara masa? Ya ce filogi ne. Ko sifana bai ɗauka ba."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Barau ya sunkuyar da kai.

"A wurinsa na koyi kara kunnen," in ji shi.

"To kunnen nasa ya tsufa," in ji Abubakar. "Ko ba haka ba, Baba?"

Albarka ma ya yi dariya. Ya ce haka ne.

Matar Albarka, Asabe, tana sayar da kunun zaƙi a cikin kasuwa. Bayan azahar Barau ya biya wurinta, ya ajiye jakar kayan aikinsa, ya sha kofi biyu. A gefensa akwai injin wani manomi da zai tafi da shi Gwandu ya gyara. Sai ya ji ɗan kamasho yana kiran mutum ɗaya ya rage a motar Birnin Kebbi, inda zai canja ta Gwandu. Ya ce, "Inna, sai wani jiƙon," ya saɓi injin ya zura da gudu. Ya manta jakar.

Asabe ta ɗaga jakar ta miƙe. Shekara ashirin tana zaune cikin Hausawa, harshenta bai miƙe ba, kuma in za ta kira mutum daga nesa sai ta ja ƙarshen sunan.

"Barau-o! Barau-o! Ku tare mini shi!"

A cikin watan nan an sace injuna biyar a fadama, ba a kama kowa ba. Ga mutum yana gudu da inji a kafaɗa. Ga mace tana nuna shi tana ihu. Kasuwa ta ji abin da take jira ta ji. Kafin a ce me, baki ɗari sun ɗauka, kuma ba sunan mutum suke kira ba. Ɓarawo suke cewa.

Albarka ya ji daga rumfa. Ya ɗauki guntun bututun ƙarfe da ke gabansa ya fito. Mai gudun ya gifta ta gabansa, injin ya rufe masa fuska. Albarka ya kai masa bugu a ƙafa, irin wanda aka koya masa a bariki. Mutumin ya kife, injin ya yi gefe. Jama'a suka rufe shi da sanduna da ƙotoci da duwatsu.

A cikin wannan cunkoso mutumin ya juyo da fuskarsa sama. Ya ga wanda ke tsaye a kansa. Idonsa ya natsu, kamar wanda ya ga taimako ya iso.

"Maigida," in ji shi. "Ni ne."

Albarka ya gan shi sarai. Ya ji shi sarai. Hannunsa yana sama da bututun, kuma akwai lokacin da zai sauke shi a hankali. Ya sauke shi da dukan ƙarfinsa, a gefen kai, bisa kunne.

Sannan ya tsaya. Ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, irin na wanda ya sha ruwa bayan doguwar tafiya. Bai daɗe ba. Sai ya raba ƙafafu a kan Barau, ya shiga wurwura bututun yana kora mutane, yana cewa su bari, Barau ne, Barau na Gwandu ne. Asabe ta iso tana haki, jakar na hannunta.

Motar da Barau ke gudun ya samu, ita ta ɗauke shi zuwa asibiti. Bai kai Birnin Kebbi da rai ba.

Da yamma 'yan sanda suka tafi da Asabe. Sun ce don a tambaye ta, kuma don kada a taɓa ta. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce da gangan ta yi, domin Barau ya ƙwace wa mijinta aiki. Wasu suka ce in da gangan ne, me ya sa mijin ya tsaya a kansa yana kare shi? Kowa ya ga wannan. Waɗanda suka yi jifa duk sun koma gida sun wanke hannu, ba a samu ko ɗaya da ya ce yana wurin ba. Suna ɗaya ne ke bakin kowa da laifi, na Asabe. Suna ɗaya ne ke bakin kowa da yabo, na Albarka.

Abubakar na Dangoma ya zo har gida da safe, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Baba, na yi maka wasan banza jiya. Ka yafe ni. Duk kasuwar nan kai kaɗai ne namiji."

Albarka ya ce ba komai.

Ya kai wa Asabe tuwo a caji ofis. An fito da ita ta zauna a benci bayan kanta. Abincin jiya yana nan ba ta taɓa ba. Ba ta yi kuka ba. Leɓɓanta ne kawai ke motsi.

"Baban Yara," ta ce, "ka faɗa mini yadda ake faɗinsa."

"Mene ne?"

"Sunan. Tun jiya nake gwadawa. Barau. Barau. Haka ne? Ka saurara da kyau. Barau."

"Haka ne."

"To jiya me na ce? Shekara bakwai ina zuba masa tuwo, ina kiransa, yana amsawa. Bai taɓa ce mini ban iya ba." Ta dube shi. "Ni na kashe shi. Da bakina. Kai ka yi ƙoƙari, Allah ya gani. Saje ya ce likita ya ce sauran raunukan duk masu warkewa ne, bugu ɗaya ne na ƙarfe a kai ya tafi da shi. Wane irin mutum ne zai bugi kan wanda ke kwance?"

Albarka ya buɗe kwanon ya tura mata. Ya ce ta ci. Ya fita.

Bai koma rumfa ba. Ya nufi majami'a, ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano a bayan gari. Ya tarar da Fasto Bawa yana gyara ƙafar benci. Bawa ɗan ƙasarsu ne, sa'an ƙanensa, kuma bai taɓa yanke wata shawara ba sai ya tambayi Albarka.

"Baba, Allah ya kawo ka," in ji Faston. "Gobe sadakar uku a Gwandu. Dattawa sun ce kai za ka je mana ta'aziyya. Fuskarka ce kaɗai za su so gani. Wallahi sunanka ne ya hana a zo mana nan da wuta."

Albarka ya zauna a bencin da aka gama gyarawa.

"Fasto, ni na buge shi."

"An gaya mini. A ƙafa. Ba ka san shi ba ne, kowa zai..."

"Sau biyu."

Faston ya ajiye guduma.

"Na farko ban san shi ba. Na biyu na san shi. Ya kira ni. Ya ce Maigida, ni ne."

 Faston ya dubi ƙofa, ya tashi ya tura ta, ya dawo. 

"Ko hannun ne ya riga ya tafi?" ya ce. "Ka san in hannu ya ɗauko..."

"Ni soja ne. Na san hannun da ya tafi da wanda aka aika."

"Yaƙin ne ya dawo maka."

"A yaƙi ban taɓa harbin wanda na san sunansa ba. Kuma a can tsoro nake ji. Jiya daɗi na ji." Albarka ya dubi tafin hannunsa. "Ban sha komai ba. Na ci abinci na ƙoshi. Na yi addu'a da asuba, har na sa shi a ciki, kamar kullum. Fasto, kai ka yi makaranta. In ce Shaiɗan ne?"

"Kana so in ce haka?"

"Ina so."

"Ba zan iya ba, Baba." Muryar Faston ta yi ƙasa. "Shaiɗan yana kira, amma ba shi da hannun riƙe bututu. Tun yaushe kake jin haushin Barau?"

"Ban taɓa jin haushinsa ba."

Faston ya kafa masa ido.

"Tun ranar da na ga ya kwance kabireta ya fi ni sauri," in ji Albarka. "Shekararsa ta uku a wurina."

Shi kansa bai san da wannan amsar ba sai da ta fito. Ya ji ta kamar wani ne ya yi magana a ɗakin.

"Shekara nawa ke nan kana ba haushin nan ruwa," in ji Faston. "Baba, kisan farko da aka yi a duniya, a gona aka yi shi, tsakanin wa da ƙane. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Lokacin ba soja, ba ƙabila, ba kasuwa. Hadayar ɗaya ta karɓu, ta ɗayan ba ta karɓu ba, shi ke nan. Sau nawa ka tashi a nan ka ce mugunta daga waje take shigowa, ni kuwa ina zaune ina jin ka, na kasa gyara maka don kai babba ne. Wannan laifina ne. Da ita aka haife mu. Ubangijinmu ma ba mahaukata suka kashe shi ba. Taron mutane ne masu zuwa sujada, masu iyali, aka ba su kalma ɗaya suka ɗauka."

"To baftismar fa?"

"Ba ta ce ka gama ba. Kai ne ka ce ka gama, ka daina tsaron ƙofa."

Albarka ya gyaɗa kai. A ransa ya fi son a zage shi.

"Akwai gafara?" ya ce.

"Akwai. Don irinka Ubangijinmu ya mutu, da irina. Amma ba a ba da ita a ɓoye alhali Mama tana bayan kanta tana ɗauke da kayanka." Faston ya share fuska da hannu. "Ina gaya maka wannan, kuma ina jin tsoro. In ka faɗa, ban san abin da zai same mu a garin nan ba. Rabin zuciyata yana cewa ka yi shiru. Ka gani? Ni ma ga tawa."

Washegari suka shiga mota su biyu, suka canja a Birnin Kebbi, suka isa Gwandu da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, maza sun cika inuwar. Da aka ce ga Albarka, mutane suka buɗe masa hanya. Wasu samari, ƙannen Barau, suka miƙe tsaye don girmamawa. Mahaifin mamacin, Malam Sambo, tsoho ne siriri mai farin gemu, yana zaune a zaure. Ya sa aka shigo da baƙin, ya jawo Albarka kusa da shi a kan buzu.

"Allah ya jiƙan Barau," in ji Albarka.

"Amin. Kai ma uba ne gare shi, kai ma a yi maka gaisuwa. An gaya mani abin da ka yi. Kullum in ya dawo daga Kalgo sai ya ce, Baba, Maigida ya gaishe ka. Ita kuwa matarka, ban ce komai ba tukuna. Zuciyata ba ta ba ni in ce komai ba."

"Malam, ina da magana. Mu uku."

Tsohon ya dube shi, ya sallami waɗanda ke zauren.

Albarka ya faɗa. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ya faɗi bugu na farko, ya faɗi na biyu. Ya ce matarsa sunan Barau ta kira, jakarsa take son ba shi, kuma ba ta san komai ba har yanzu.

Carbin da ke hannun Malam Sambo ya tsaya. Bakinsa ya buɗe kaɗan, ya zauna haka. A waje ana ta amsa addu'a.

"Ya gane ka?" ya ce daga baya.

"Ya gane ni."

"Mi ya ce?"

Albarka ya gaya masa.

Tsohon ya rufe ido. Ya yi salati a hankali, sau uku. Da ya buɗe ido bai dubi Albarka ba, Faston ya duba.

"Mi ya yi mashi?"

"Bai yi masa komai ba, Malam," in ji Faston.

"Ya iya aiki," in ji Albarka.

Malam Sambo ya janye gefen rigarsa da ke taɓa gwiwar Albarka. 

"Samari goma sha ɗaya ne a ƙofar nan," in ji tsohon. "Jinina ne duka. In ɗaya ya ji abin da na ji, ba ka kai bakin titi. Kuma su ma yaran kirki ne, kamar yadda aka ce mani kai mutumin kirki ne." Ya nemi sandarsa. "Ba za ka mayar mani da su irinka ba. Tashi. Za ka fita kana gaisawa da kowa, su yi maka godiya, ka amsa. Ni zan raka ka."

"Malam..."

"Kada ka roƙe ni gafara. Ba ni da ita yau. Ban san ko zan same ta ba."

Haka aka yi. Albarka ya bi layin tabarmi yana miƙa hannu, ana sa masa albarka. Wani ƙanen Barau ya rungume shi yana kuka. Malam Sambo ya ce wa jama'a zai je Kalgo ya dawo, akwai matar da aka tsare ba da hakki ba. A mota ya zauna gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Sun isa caji ofis bayan la'asar. Albarka ya faɗi abin da ya yi. Saje ya ɗauko biro ya fara rubutu, ya tsaya, ya dubi Albarka, ya ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa. Saje ya ce ya cire takalmi da agogo.

Aka fito da Asabe. Ta ga mijinta, ta ga Fasto, ta ga tsohon da ba ta sani ba amma ta gane kamannin. Ta zube a gabansa.

"Baba, ka yafe mini. Bakina ne."

"Tashi, ɗiyata," in ji Malam Sambo. "Sunan da na raɗa mashi kika kira. Ba ki da laifi gare ni."

Ta miƙe tana share ido, ta juya wajen mijinta.

"Baban Yara, mu tafi gida?" Sai ta ga ƙafafunsa. "Ina takalminka?"

Faston ya matso zai yi magana. Albarka ya ɗaga masa hannu.

"Zauna, Asabe," ya ce. "Jiya kin tambaye ni wane irin mutum ne. Zan gaya miki."

Ta zauna a bencin. Ya tsaya a gabanta, ya fara tun daga hantsin ranar kasuwa.